Kumburin Ƙafa: A Gano Asalinsa Kafin a Nemi Magani

Takalmin da ya shiga ƙafa salin-alin da safe, in la'asar ta yi sai ya fara matsa. Robar safa ta bar zobe a ƙwauri. Idon sawu, wanda kullum ake ganin ƙashinsa a fili, ya nutse cikin nama. Tela da ya wuni a kan keke ya san wannan, mai tuyar ƙosai da ta kafa kujera tun asuba ta san shi, haka ma direban tirela da ya ɗauko kaya daga Legas bai sauka ba sai Kano. Mafi yawan irin wannan kumburi kan saɓe da kansa in an kwana. Amma akwai wanda ba ya saɓewa, kuma a bayansa ne ciwon zuciya, ko na ƙoda, ko na hanta, ko gudan jini a jijiya kan ɓuya. Abin da ya sa lamarin ke da wuya shi ne a ido duk kamarsu ɗaya. Don haka kafin a tambayi wane magani za a sha, sai an fara gano daga ina ruwan ya fito.

Kumburi dai ruwa ne da ya taru inda bai kamata ya kwana ba. Kullum ruwa kan tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini ya shiga nama ya kai masa abinci, sannan a kwashe shi ta wasu siraran hanyoyi da ke bi ta matsematsi, wurin da kaluluwa ke fitowa, a mayar da shi cikin jini. Wannan tsari kan ɓaci idan jinin da ke komawa zuciya ya yi cunkoso a ƙasa, ko idan wani sinadari mai suna albumin, wanda hanta ke yi kuma shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya, ya yi ƙaranci. Yakan kuma ɓaci idan bangon jijiyoyin ya saki saboda rauni ko ƙwayar cuta, ko hanyoyin kwashe ruwan suka toshe. Ƙafa ce ke fara nunawa saboda ita ce a ƙasa, ruwa kuwa gangare yake bi. Majinyacin da ya daɗe a kwance, nasa ruwan a ƙugu da gadon baya yake taruwa, shi ya sa masu jinya ya kamata su riƙa duba can. Kuma kafin ƙafafun babban mutum su kumbura har a gani, sau da yawa jiki ya riga ya tara lita biyu zuwa uku na ruwan da ba ya buƙata.

Binciken farko a gida ake yinsa, ba ya buƙatar komai sai babban yatsa da tef ɗin awo irin na tela. A sa mai kumburin ya zauna ya miƙe ƙafafu a wuri mai haske. A ɗora babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, sama da idon sawu kaɗan, a danna da ɗan ƙarfi, a ƙirga biyar a hankali, sannan a ɗage. In ruwa ne, wurin zai loɓa ya bar rami kamar an danna tuwo mai ɗumi, ya ɗauki lokaci kafin ya ciko. A yi haka a ƙafa ta biyu, sannan a riƙa hawa sama a ga inda loɓawar ta tsaya: idon sawu ne, ko tsakiyar ƙwauri, ko gwiwa, ko har cinya. Bayan haka a lalubo ɗan tudun ƙashin da ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a auna santimita 10 zuwa ƙasa, a zagaya tef a wurin, a rubuta. A maimaita a ɗaya ƙafar. Sannan a taɓa da bayan hannu a ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi, a buɗa tsakanin yatsu a duba ko akwai cin ruwa, a duba diddige ko akwai faso ko wani rauni.

Daga nan sai tambayoyi, kuma babbarsu ita ce: ƙafa ɗaya ce ko biyu? Kumburin ƙafa ɗaya yawanci matsalarsa na cikin ƙafar. Na ƙafa biyu daidai wa daida kan nuna abin daga cikin jiki yake, ko daga wani magani da ake sha. Sai kuma a tambaya, dare ɗaya ya zo ko a hankali cikin watanni? Yana saɓewa da safe? Akwai haki? Fuska na kumbura? Fitsari ya ragu ko yana kumfa?

Wanda ya fi kowane gaggawa shi ne na ƙafa ɗaya da ya zo kwatsam. Mutum ya sauka daga doguwar tafiya, ko yana kwance bayan tiyata ko karaya, ko mace ta haihu kwanan nan, sai sha-raɓar ƙafa ɗaya ta cika ta yi tauri, tana ciwo in an taka ko an matsa, tana da ɗumi. In awon tef ya nuna ta fi 'yar'uwarta da fiye da santimita 3, zargi ya ƙara ƙarfi. Wannan na iya zama jini ne ya daskare a babbar jijiyar da ke can cikin tsoka. Haɗarin ba a ƙafar yake ba. Gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jini ya wuce ta zuciya ya toshe hanyar huhu, mutum yana zaune numfashi ya sarƙe, ƙirji ya riƙe, wani lokaci har da tarin jini, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye a jirgi ko mota na ninka haɗarin wannan daskarewa, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ba shi da yawa, kusan mutum ɗaya ne cikin 6,000. Wannan ya shafi maniyyata da ke tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Jidda ko Madina bayan sun yi dogon zaman jira a sansanin alhazai, ya kuma shafi fasinjan motar dare. Masu juna biyu, da masu jego a makonni shida na farko, da masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estrojin, da masu ciwon daji, da masu ƙiba sosai sun fi shiga wannan haɗari. Ga masu ciki, ƙafar hagu ya fi kamawa.

A nan ne tausayi kan jawo ɓarna. Abin da ɗan'uwa ko mata ke fara yi shi ne su ɗauko man zafi su hau murza ƙafar. Ƙafar da ake zargin jini ya daskare a cikinta ba a murza ta, ba a gasa ta, ba a kai ta wurin mai ɗori ya ja. Asibiti za a nufa a ranar, inda za a yi hoton jijiya da irin na'urar da ake duba cikin masu juna biyu. In an tabbatar, akwai magungunan tsinka jini na allura da na haɗiya, irin su heparin da warfarin da rivaroxaban, waɗanda ake sha aƙalla wata uku a ƙarƙashin kulawar likita. Rigakafinsa kuwa mai sauƙi ne: matafiyi ya riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa yana zaune, ya sauka ya taka duk inda mota ta tsaya, ya sha ruwa. Marar lafiya kuma a taimaka masa ya tashi ya taka da zarar likita ya ba da izini.

Akwai wani na ƙafa ɗaya mai zuwa da zazzaɓi da rawar sanyi: fata ta yi ja ko ta ƙara duhu, ta yi sheƙi, ta yi zafi rau, kaluluwa ta fito. Ƙwayar cuta ce ta samu ƙofa ta faso, ko cin ruwa, ko ƙaya, ta bazu a ƙarƙashin fata. Maganinsa na kashe ƙwayoyin cuta ne da likita zai zaɓa, a kuma shanye shi duka. Dabara mai amfani ita ce a zagaye iyakar jan da biro, in gari ya waye ya tsallake layin to abin gaba yake yi. Ga mai ciwon suga ba a jira ko kwana ɗaya, domin ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, kuma daga irin wannan ƙaramin rauni ake kaiwa ga yanke ƙafa. Targaɗe da karaya ba sa ɓuya, tun da akwai faɗuwa ko buguwa. Saran maciji kuwa, musamman kububuwa da ke addabar manoma a yankuna irin su Kaltungo ta jihar Gombe, ba a ɗaure wurin tam, ba a tsaga, ba a tsotsa, allurar kashe dafi yake buƙata.

In ƙafa biyu ne, abu na farko da za a saurara shi ne numfashi. Zuciyar da ta gaji ba ta iya janye jinin da ke dawo mata, sai ya yi cunkoso, ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Mai irin wannan zai ce tafiya zuwa masallacin unguwa, wadda da ba ta zame masa komai ba, yanzu sai ya tsaya ya huta a hanya. Ba ya iya kwanciya a miƙe sai ya tara matasai biyu ko uku, wani ma a zaune yake kwana. Yakan farka cikin dare yana neman iska, yana tari. A ƙasashenmu babban abin da ke gajiyar da zuciyar manya shi ne hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba, ko aka sha magani wata ɗaya aka ajiye don an ji sauƙi.

Akwai kuma nau'in da ya kamata kowane gida a ƙasar Hausa ya sani, domin a nan ya fi yawa fiye da kusan ko'ina a duniya: gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da al'adun jego: kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Wani bincike da aka buga daga asibitin koyarwa na Sakkwato a 2007 ya samu ciwon a wajen mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102. Daga baya, binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya bai ɗora laifin a kan al'adun jego ba. Ya fi karkata ga talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko ma wanne ne ya fi gaskiya, kanwa da gishiri suna tara ruwa, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta buƙatar ƙarin kaya. Abin da ke sa mata rasa rayukansu shi ne yadda ake fassara alamun. Mai jego ta kumbura, tana haki, tana tarin dare, sai a ce ɗanyen jiki ne, sanyi ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara kanwa a kunu. Iyaye mata da kakanni da ke yin haka ƙauna ce ta sa su, amma wannan mai jego hoton zuciya take buƙata. Da magani, da yawa daga cikinsu zuciyar kan farfaɗo, sai dai dole su nemi shawarar likita kafin su sake ɗaukar ciki.

Ita kuwa mai juna biyu, ɗan kumburin idon sawu da yamma a watannin ƙarshe abu ne da aka saba, domin mahaifa na danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini sama. Kwanciya a gefen hagu da ɗaga ƙafa suna rage shi. Wanda ba a yi wa shiru shi ne wanda ya zo da sauri bayan ciki ya wuce mako 20, ya hau fuska da hannaye har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai mai naci, ga gani dishi-dishi, ga ciwo a saman ciki. Waɗannan alamun hawan jinin masu ciki ne, wanda kan kai ga jijjiga. Awon jini da ya kai 140 bisa 90, da gwajin fitsari na minti biyu a wurin awon ciki, sun isa su tona shi. Yana iya tasowa ko bayan an haihu, don haka maganar "in kin sauka zai saɓe" ba ta da tabbas.

Kumburin da ciwon ƙoda ke kawowa, da fuska yake sallama. Mutum ya tashi da safe fatar idonsa ta yi luhu-luhu, zuwa yamma ruwan ya gangara ƙafa. Fitsari ya riƙa kumfar da ba ta bajewa, alamar ƙoda na yoyon albumin, ko ya ragu, ko ya yi launin shayi. Yara ma na kamuwa, kuma wani nau'in nasu na jin magani sosai in an kai da wuri. Ga manya, hawan jini da ciwon suga ne kan gaba, sai yawan shan magungunan kashe zafi da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Mutanen Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe sun daɗe suna kokawa da yawan ciwon ƙoda, kuma a irin waɗannan wurare kumburin fuska ko ƙafa ya isa dalilin gwajin jini da fitsari. Na hanta kuwa tare da cikar ciki yake zuwa, ga shawara a ido, ga ramar kafaɗu da hannaye. Ciwon hanta nau'in B ne babban sanadinsa a yankinmu, kuma akwai rigakafinsa da ake yi wa jariri tun ranar haihuwa.

Yaro ƙarami da ƙafafunsa biyu suka kumbura, kumatunsa suka cika, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa ba ya son abinci, wannan ba ƙiba ya yi ba. Tamowa ce mai tsanani. Ma'aikatan lafiya kan danna saman ƙafafunsa biyu da manyan yatsu na daƙiƙa uku, in duka sun loɓa to ranar za a fara yi masa jinya. Jariri mai sikila kuma kumburin hannaye da ƙafafu mai zafi, da kuka ba tsayawa, kan zama alamar farko ta ciwon.

Sau da yawa kuma asalin kumburin na cikin ledar magungunan da ke ƙarƙashin matashi. Amlodipine, wanda dubban masu hawan jini ke sha kullum, na kumbura idon sawun kusan mutum ɗaya cikin goma a kan awo na miligiram 10, kuma ya fi yi wa mata. Nifedipine ma haka. Ibuprofen da diclofenac, da leburori da tsofaffi masu ciwon gwiwa ke saya a kemis, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda wasu 'yan mata ke sha da sunan maganin ƙiba, su ma ruwa suke tarawa, cikar da ake gani a kumatu ba lafiya ba ce. Maganin ciwon suga mai suna pioglitazone yana cikin jerin. Amma mai hawan jini da ya ga ƙafarsa ta kumbura kada ya yanke magani da kansa. Ya koma wa likita, a rage awo ko a canja masa wani.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, wanda ya fi yawa ga manya shi ne gajiyar jijiyoyin ƙafa. A cikin jijiyoyin akwai ƙananan marufai da ke barin jini ya hau, su hana shi komawa ƙasa, kuma tsokar sha-raɓa ce ke matsa shi sama duk lokacin da aka taka. Shekaru, da yawan haihuwa, da ƙiba, da sana'ar tsayuwa kan sassauta marufan. Sai ƙafa ta riƙa nauyi da yamma, jijiyoyi su fito su nannaɗe, fatar da ke sama da idon sawu ta yi baƙi ta yi ƙaiƙayi, daga ƙarshe ta fashe ta zama gyambon da kan yi shekaru bai warke ba.

Wannan nau'in, da na dogon zama ko tsayuwa, su ne kulawar gida ke yi wa aiki sosai. Ɗaga ƙafa ba ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno ba ne. Sai mutum ya kwanta ya tara matasai har diddige ya fi ƙirji tudu, ya yi minti 30, sau uku ko huɗu a rana. Da dare ana iya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen sawu, in dai ba mai haki ba ne. Wanda sana'arsa ta zama ce ya tashi ya zaga duk awa, wanda tasa ta tsayuwa ce ya riƙa ɗagawa a kan yatsu yana sauka, sau ashirin a jere. Tafiyar ƙasa ta minti 30 kullum ta fi kowane man shafawa. Akwai kuma safa ta musamman mai matsa ƙafa, wadda ta fi matsewa a idon sawu tana sassautawa zuwa gwiwa. Da safe ake sa ta kafin a sauko daga gado, a cire da dare. Kafin a saya, ma'aikacin lafiya ya duba bugun jini a ƙafar, domin wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, kamar wasu masu ciwon suga da tsofaffin mashaya taba, matsin na iya kashe masa fata. Naɗa bandeji ko ƙyalle tam a tsakiyar ƙwauri kuwa datse hanya yake, yana ƙara kumburin ƙasa.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da wanda ba a gani: dunƙulen ɗanɗano da ake jefa uku ko huɗu a tukunya ɗaya, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda da garin ɗanɗanonta, da kanwar da ake sa wa wake da miyar kuka. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna iya ɗaukar nauyin miya in an rage gishiri a hankali. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya mallaki sikeli, ya hau kowace safiya bayan ya yi fitsari, ya rubuta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ya ƙaru da fiye da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, ya nemi likitansa tun kafin haki ya fara.

Tundurmi nasa babin daban ne, kuma masu shi sun sha tsangwama ba gaira ba dalili. Ba sammu ba ne, ba asiri aka taka ba. Wata siririyar tsutsa ce da sauro ke ɗauka daga mutum zuwa mutum, irin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ta zauna a hanyoyin kwashe ruwa ta lalata su. Ita ce kuma ke kawo wa maza gwaiwa a wuraren da cutar ta yi yawa. Da farko ƙafar kan loɓa ta kuma saɓe da safe. Da tafiya ta yi nisa sai fata ta yi kauri ta daina loɓawa, ta ninninke, har a kasa tsunkuno fatar gindin yatsa na biyu. 'Ya'yan tsutsar da dare suke fitowa cikin jini, shi ya sa a gwajin da aka saba ake ɗibar jini tsakanin ƙarfe goma na dare da biyu. Ana iya kawar da cutar daga gari gaba ɗaya: a 2017 aka sanar da cewa jihohin Filato da Nasarawa sun rabu da ita, bayan shekaru ana raba ivermectin da albendazole gida-gida sau ɗaya a shekara, tare da gidajen sauro, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Cibiyar Carter. A shekarar ce kuma Togo ta samu shaidar kawar da ita. A tsaunukan Habasha da arewa maso yammacin Kamaru akwai wani mai kama da shi da ba tsutsa ke kawowa ba, yawo ba takalmi a kan jar ƙasar tsohon dutse mai aman wuta ne sanadinsa.

Ƙwayoyin da ake rabawa suna kashe 'ya'yan tsutsa su kare na baya, amma ba sa mayar da ƙafar da ta riga ta girma. Abin da ke taimakon mai tundurmi shi ne sabulu da ruwa. A wanke ƙafar kullum da ruwa mai tsabta wanda ba zafi, a bi kowane lungu na ninkin fata da tsakanin yatsu, a tsane da tsumma mai laushi har sai ba sauran danshi. Bayan kowace alwala ma a tsane tsakanin yatsun, domin danshin da ke kwana a nan shi ke kawo cin ruwa, cin ruwa kuma shi ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Duk lokacin da ƙafar ta yi zafi da zazzaɓi sai ta ƙara girma, don haka hana wannan tashi shi ne rabin jinya. A yanke farce, a shafa mai a inda fata ta bushe, a sa takalmi mai faɗi da laushi, a ɗaga ƙafa da dare. Waɗanda suka riƙe wannan da gaske kan ga wari ya tafi, zazzaɓin ya yi nisa, ƙafar ma ta ragu.

Abu biyu ne suka fi ɓata wa masu kumburi lamari. Na farko tsaga da sakiya da ƙaho. Ruwan zai tsiyaye a ga kamar an samu sauƙi, amma fatar da ta kumbura ba ta warkewa da wuri, kuma kowane tsagi ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Na biyu ƙwayar sa fitsari, furosemide, wadda aka fi sani da Lasix. Magani ne mai ceton rai ga wanda ruwa ya cika wa huhu. Amma wanda ya saya a kemis don kawai ƙafarsa ta saɓe yana wasa da ƙodarsa: yana zubar da sinadarin fotashiyam da bugun zuciya ya dogara da shi, yana busar da jiki a ƙasar da zafi ya riga ya busar, ga jiri da faɗuwa. Ba ya yi wa tundurmi komai, ba ya yi wa kumburin amlodipine abin kirki, ba ya narkar da gudan jini. Mafi muni, yana ɓoye alamar, mutum ya yi wata shida yana ganin ya warke alhali ciwon na ci.

Mai zuwa asibiti ya tafi da duk abin da yake sha a leda ɗaya, na Bature da na gargajiya, ya kuma faɗi gaskiyar ranar da abin ya fara. Ya sa ran za a auna hawan jini, a gwada fitsari, a ɗebi jini a duba ƙoda da hanta da suga da yawan jini, tun da ƙarancin jini mai tsanani ma na kumbura ƙafa. In an ga dalili a ƙara da hoton ƙirji, ko na zuciya, ko na jijiyar ƙafa. Awon jini da gwajin fitsari ana samunsu a yawancin ƙananan asibitocin unguwa, kuma kuɗinsu bai kai na kwalaben jiƙon da ake saya wata da watanni ba.

Kumburin da ya saɓe da safe bai zo da wata alama ba yana iya jiran ranar da aka samu sarari, amma in ya yi mako biyu yana dawowa a je a duba. Wanda ya zo da haki ko ciwon ƙirji, da na ƙafa ɗaya mai ciwo da ya taso kwatsam, da mai zazzaɓi, da na mai ciki ko mai jego, da na ƙaramin yaro, waɗannan ba sa kwana a gida, ko da dare ne a nemi abin hawa a kai su asibiti.